Taliyar Jam'iyya

A Ƙofar Nasarawa hanya ta cushe,
ayarin ɗan takara ya tare gabas da yamma.
Tasi'u ya kashe adaidaitarsa, mai ya yi tsada,
ya waiwayo: "Jazuli, kai da ka sha ruwan Italiya,
su ma haka suke hana talaka wucewa?"

Na buɗe baki, ƙamshin tumatir ya riga ni.

Shekara uku na yi a Bolonya,
birni ja, sai ka ce da ƙasar Dala aka yaɓe shi.
Karatun injin ban ruwa ya kai ni,
kuɗin haya ya kai ni wankin faranti
a rumfar wata jam'iyya, can bayan gari.

Tsofaffin mata goma sha biyu, hannu duk fulawa,
tun hantsi suke murza taliya.
Ornella ce uwar gayya, gajera, murya kamar ta dillaliya.
Ba wanda ya ba su ko sisi.
Duk wanda ya zo taro, aljihunsa yake laluba,
ya sayi faranti, cinikin ya tafi asusun jam'iyya.
Na ce, wannan wace irin kasuwa ce,
kaza ke ba mai hatsi tsaba?
Fulvio, tsohon direban jirgin ƙasa, ya goge gashin baki:
"Wanda ka ciyar, kana da bakin zaginsa."

Kuma sun zage shi.
Kansila ya zo a kan keke, ba jiniya, ba 'yan rakiya,
suka tsare shi awa biyu kan motar unguwa da aka soke.
Su ba da baki kaɗai suke magana ba,
mutum ya haɗe yatsu biyar kamar zai kai loma,
ya yi ta kaɗa maka a hanci.
Na nemi ƙofa, na ɗauka za a zub da jini.
Aka tashi, suka jeru a tsaye suna shan gahawa
a kofin da bai fi murfin kwalba ba.

Ornella ta ware min tukunya, ba alade, ba giya,
ta kasa faɗin sunana, ta ce Juli,
na amsa.

Amma Tasi'u, kada na yi maka rabin labari.
Wata Asabar, a wani dandalin,
mai kwat ya hau dandamali da lasifika,
yana ƙirga kwale-kwalen da suka tsallako teku,
ya ce baƙi sun cinye musu burodi.
Ina tsaye a baya, takardar izinin zama a ƙirjina,
wadda na bi wa layi tun asuba, sanyi na yanka kunne.
Wata mata ta dube ni, ta matse jakarta.
Ranar na yi da-na-sanin iya yarensu.

Daren zaɓe Fulvio bai ko kunna talabijin ba.
"Gwamnatocin da na gani sun fi haƙorana yawa,"
ya ce, ya ci gaba da ninke kujeru.

Ban kai aya ba sai ga motar ayari,
wani yaro a samanta, jar ƙura har gira,
ya wurgo ƙunshi cikin adaidaita.
Taliya ce, leda ɗaya,
an manna fuskar ɗan takara yana murmushi.
Tasi'u ya cafe, ya juya ta, ya duba kwanan wata,
ya tura ƙarƙashin kujera.
"Yara za su ci," ya ce, bai dube ni ba.

Maganar Fulvio ta zo min har maƙogwaro,
na tuna shi fansho yake karɓa duk wata,
na haɗiye.

Hanya ta buɗe. Ya ba injin wuta.
Sai da muka wuce gada ya ce,
"Ita tsohuwar nan taka,
da mai da yaji take yi, ko da miya?"